Motsa jiki a zafin Akra: leda, ruwa, da lokacin fita

"Assalamu alaikum. Ni mazaunin Nima ne, shekarata 44, nauyina kilo 92, ina shan maganin hawan jini. Wata biyu ke nan da na shiga ƙungiyar masu motsa jiki ta unguwarmu. Muna fita sassarfa Asabar da Lahadi, amma kafin jama'a su taru bakwai da rabi ta yi, sai wajen tara da rabi mu dawo. Abokai sun ce in riƙa ɗaura leda a ciki, in ɗora rigar ruwa, don tumbi ya narke, kuma gaskiya sikeli yana nuna na ragu bayan kowace fita. Sai dai ina dawowa da ciwon kai da jiri, wani lokacin har yamma. Ɗana mai shekara 14 kuma yana buga ƙwallo a filin ciyawar roba da ƙarfe biyu na rana. Shin ƙarancin ruwa ke damuna? Nawa ya kamata in sha? Kuma yaya zan yi idan azumi ya zo?"

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Kana son sanin ko rashin ruwa ke jawo maka ciwon kai da jirin nan, da yawan wanda za ka sha, sannan ga batun yaro da na azumi. Adadin ruwan zan ba ka shi. Amma a abin da ka zayyana, ruwa shi ne na uku. Leda da rigar ruwa ne a gaba, sai lokacin fitarku. Mutum yana iya shan ruwa har cikinsa ya cika fam, zafi kuma ya kayar da shi, domin ruwa ba ya hana zafin jiki hawa idan an toshe masa mafita, ko an yi gudun da ya wuce ƙarfin mai shi.

Daga ina zafin yake tasowa

Yawanci rana ake ɗora wa laifi. Tana da nata kason, amma mafi yawan zafin da ke wahalar da mai gudu daga cikin jikinsa yake fitowa. Naman jiki idan yana aiki, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na ƙarfin da ya ƙona ne kawai ke zama motsi, sauran duk zafi ne. Mai kilo 92 kamarka, idan yana sassarfar kilomita takwas a sa'a, yana ƙona kalori wajen 750, kusan 600 daga ciki kuwa zafi ne da dole a fitar. Da a ce babu mafita ko kaɗan, da zafin jikinka zai riƙa ƙaruwa da digiri ɗaya duk minti bakwai ko takwas. Lafiyayyen jiki yana kan digiri 37. Daga 40 zuwa sama ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda suke fara lalacewa. Tazarar ba ta da yawa.

Jiki yana tura jini zuwa fata don iska ta kwashe zafin. Wannan yana aiki ne idan iskar ta fi fata sanyi sosai. Zafin fatar mutum 33 zuwa 35 ne, saboda haka idan iskar gari ta kai 32, abin da za ta kwasa kaɗan ne. Gumi kaɗai ya rage. Shi kuma gumi bushewarsa ce ke sanyaya jiki: lita ɗaya da ta bushe a kan fata tana tafiya da kalori kusan 580. Wanda ya gangaro ya ɗiga ƙasa, ko aka matse shi daga riga, asarar ruwa ce kurum, bai ɗauke komai ba. Haka randar ƙasa take. Ruwanta yana sanyi ne saboda tana tsattsafowa, iska tana busar da jikinta. Ka naɗe ta da leda, ruwan ba zai yi sanyi ba ko ta kwana a inuwa.

A nan Akra ta bambanta da Tamale ko Bawku ko Kano. Can zafin bazara yana kai 40, amma iskar busasshiya ce, gumi na fitowa tana shanye shi. Mu a bakin teku, daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana 32 ko 33 ne, adadin da ba ya ba kowa tsoro, sai dai iskar cike take da laima. Digiri 32 da laima kashi 70 cikin ɗari, jiki yana jin su kamar 40 ko 41, kuma wannan lissafin na cikin inuwa ne. Tsayuwa a tsakiyar rana na iya ƙara har digiri takwas a kai. A gasar duniya ta guje-guje da aka yi a Doha a 2019, an fara gudun yada-ƙanin-wani na mata da tsakar dare don a kauce wa rana, zafi wajen 32, laima sama da kashi 70. Cikin mata 68 da suka fara, 28 ba su kai ƙarshe ba. Waɗannan gwanayen duniya ne, babu rana a kansu, laima ce ta gama da su. Yanayin da suka yi gudun bai yi nisa da na Akra a watan Maris ba.

Zuciya kuma aiki biyu take yi a lokaci guda, tana kai jini ga ƙafafu, tana kai wa fata, alhali ruwan jinin yana raguwa saboda gumi. Shi ya sa gudun da ka yi cikin sauƙi a watan Agusta, lokacin da garin ya yi sanyi, zai sa ka haki a Maris. Idan ka tsaya cak bayan gudu, jinin ya taru a ƙafafu da fata, wanda ke isa kai ya ragu, sai ka ji jiri, idanu su yi duhu.

Ledar nan

Ka cire ta, ka cire rigar ruwan, daga Asabar mai zuwa. Ban ga wani sharaɗi da zan yarda da ita a kansa ba, ga mai hawan jini ko ga lafiyayye.

Abin da sikeli ke nuna maka ruwa ne. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Sassarfar kilomita biyar a nauyinka tana ƙona wajen 460, wato ko da daga kitse aka ɗebe su duka, abin da ya tafi bai wuce giram 60 ba. Idan ka hau sikeli ka ga kilo ɗaya da rabi ya ragu, kusan dukkansa gumi ne, kuma kafin la'asar ya dawo. Kitsen ciki ba ya narkewa don an ɗumama fatar da ke samansa. Jiki yana ɗibar kitse daga ko'ina idan abin da ake ƙonawa ya fi abin da ake ci, mako bayan mako. Leda ma cikas take kawowa, domin tana gajiyar da kai da wuri, ka yi tafiya kaɗan, ka ƙona kaɗan. Ɗamarar roba da mata ke ɗaurawa a ƙugu ita ma hukuncinta ɗaya.

Ka sa riga mara nauyi, sakakkiya, mai haske, wadda iska ke ratsawa. Rigar 'yan ƙwallo mai ƙananan huji ta fi auduga mai kauri, domin auduga idan ta jiƙe sai ta manne a jiki. Hular hana-salla mai haske tana taimakawa idan rana ta fito, kana jiƙa ta da ruwa. Matan ƙungiyarku da ke fita da hijabi su zaɓi mai shara-shara, fari ko ruwan toka, da doguwar riga sakakkiya. Baƙar abaya mai kauri a kan wasu kayan kusan aikin rigar ruwa take yi.

Lokaci da sauri

Akra tana kusa da tsakiyar duniya, rana tana fitowa wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma tana hawa da sauri. Ƙarfe takwas ta riga ta yi ƙarfi. Ku kuwa daga bakwai da rabi zuwa tara da rabi kuke waje, wato kuna shiga zafi ne a daidai lokacin da jiki ya gaji, ruwa ya ragu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga idar da sallar asuba zuwa bakwai. Laima tana da yawa a lokacin, gaskiya ne, amma iskar tana wajen 25 ko 26, babu rana, kwalta ta huce, hayaƙin turoturo, motocin haya, bai cika hanya ba. Idan da sauran duhu, ka sa kaya masu haske, ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka lura da buɗaɗɗun kwatoci. Ka kai maganar gaban shugabannin ƙungiya a matso da lokacin. Idan ba su yarda ba, ka fara naka da wuri, ka haɗu da su a rabin sa'ar farko, ka rabu da su kafin takwas da rabi.

Na biyu a kyau shi ne daga biyar na yamma zuwa magariba, musamman inda iskar teku ke kaɗawa ko akwai itatuwa, kamar cikin jami'ar Legon. A cikin lungunan Nima da Mamobi, inda gini ya haɗe da gini, kwano da siminti suna amayar da zafin da suka sha tun safe, don haka yamma a can ba ta kai ta fili sanyi ba. Daga goma na safe zuwa huɗu kuwa ba lokacin gudu ba ne. Masu hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensa zuwa Peduase su ma su fara da duku-duku, domin hawa yana haifar da zafi fiye da tafiya a shimfiɗe.

Sauri shi ne abin da ya fi kasancewa a hannunka. Ma'auninsa magana: idan kana iya faɗin jimla cikakkiya ga na kusa da kai ba tare da numfashi ya katse ka ba, kana daidai. Idan kalma biyu ko uku kake iya fitarwa, ka koma tafiya. A aikinmu, waɗanda muka fi gani sun faɗi su ne masu zuciya, ba ragwaye ba: wanda ganga da waƙa suka ɗebe shi, wanda ba ya son a ce yara sun wuce shi, da mai jiki wanda ya dage sai ya bi sahun siraran samari. Mai nauyi yana haifar da zafi fiye da siriri a gudu iri ɗaya, kuma yana fitar da shi da ƙyar. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙungiya mai hankali tana raba jama'a gida biyu ko uku gwargwadon ƙarfi, ta sa mutum guda a can baya wanda ba ya wuce kowa.

Akwai kuma sabo. Jikin da ake fitar da shi cikin zafi kullum yana gyara kansa cikin kwana 7 zuwa 14: ruwan jini ya ƙaru, gumi ya fara da wuri, gishirin da ke cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Zama a Akra kaɗai ba ya ba da wannan sabon gaba ɗaya, sai an yi aiki cikin zafin. Fita kwana biyu a mako, sa'a biyu-biyu, bayan kwana biyar a zaune, ba ta gina shi yadda ya kamata. Ya fi maka ka raba: minti 30 zuwa 40, sau huɗu ko biyar a mako, wanda zai kai ka minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so. Kwana uku na farko tafiya da sauri kawai. Daga nan minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya, kana ƙara sassarfar kaɗan-kaɗan. Sabon yana zubewa idan aka yi mako biyu zuwa huɗu ba a fita ba, don haka wanda ya tashi daga jinya, ko ɗan'uwan da ya zo hutu daga Jamus ko Amurka, daga farko zai fara.

Ruwa nawa

Mu auna da ledar fiya wata, tunda kowace rabin lita ce. Kafin fita ana son mililita 5 zuwa 7 a kowane kilo na nauyi, wato leda ɗaya ko ɗaya da 'yan kai a gare ka. Ga mai fita da asuba, ka sha ruwa sosai da dare, ka sha leda guda da ka tashi, kafin ka tafi masallaci. Cikin motsa jiki, leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sa'a, ana kurɓa duk kwata, ba a ɗaga gaba ɗaya ba. Fitar da ba ta kai minti 40 ba da sanyin safiya, rabin leda ma ya isa.

Gumin mutane ya bambanta ƙwarai, daga rabin lita zuwa lita biyu a sa'a, wani ma ya fi. Sikelin nan naka a nan yake da amfani. Ka yi fitsari, ka hau shi ba kaya kafin fita. Da ka dawo ka tuɓe, ka goge jiki, ka sake hawa. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce. Kada ragin ya wuce kashi biyu cikin ɗari na nauyinka, wato kilo 1.8. Kowane kilo kuma ka mayar da shi da leda uku, a hankali cikin sa'o'i uku ko huɗu, tare da abinci. Fitsarin safe shi ma shaida ne: mai haske-haske lafiya, mai duhu kamar shayi alamar ka kwana da bashin ruwa.

Yawan sha ma yana da nasa haɗarin. Wanda ya ɗirka wa cikinsa ruwa fiye da gumin da yake yi, sa'o'i a jere, yana tsarma gishirin jininsa, abin ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa, har ya kai ga kumburin ƙwaƙwalwa. Idan ka dawo ka ga nauyinka ya ƙaru, ka sha fiye da kima.

Batun gishiri, lita ɗaya ta gumi takan tafi da giram biyu zuwa uku. Ga fitar da ba ta wuce sa'a ba, kokonka da ƙosai, ko wake da shinkafa da shito, sun mayar da shi har da ƙari, kuma mai hawan jini ba ya buƙatar ƙarin gishiri. Wanda ya yi sama da sa'a ɗaya da rabi yana zuba gumi, ko yake ganin farin gishiri a rigarsa bayan ta bushe, shi ne zai amfana da ruwan gishiri da suga na kemis, a haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardar. Na gida kuwa: leda biyu na ruwa, cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Ruwan kwakwa yana da daɗi, amma sinadarin fotashiyam ya fi yawa a cikinsa, gishirinsa kaɗan ne, kuma mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan kada ya mayar da shi ruwan sha. Sobolo da burkina da lamurje abin sha ne na bayan an huce, suga ya yi musu yawa. Lemukan ƙara kuzari kafin gudu ka bar su, suna ɗaga bugun zuciya da ya riga ya ɗagu.

Hawan jini da magunguna

Ka duba sunan maganinka. Idan akwai bendroflumethiazide ko wani mai sa fitsari, kana fara gudu ne da ƙarancin ruwa tun daga gida. Atenolol yana hana zuciya ƙara bugu yadda zafi ke buƙata. Amlodipine yana buɗe jijiyoyin jini, ga zafi ya buɗe su, ga motsa jiki shi ma yana saukar da jini bayan an gama, sai jiri ya zo da an tsaya. Kada ka daina ko ɗaya da kanka. Ka gaya wa likitanka lokacin da kake fita, shi zai ga ko za a sauya lokacin sha. Kai kuma ka riƙa rufe fitarka da tafiyar minti biyar zuwa goma, kada ka tsaya cak, kada ka tsuguna ka miƙe zumbur. Ranar da ka auna ka ga jini ya kai 180 bisa 110, babu fita.

Abu guda da nake gani kullum yana damuna: shan diclofenac ko ibuprofen kafin fita don ciwon gwiwa, ko bayan an dawo don ciwon kai. Waɗannan suna rage jinin da ke isa ƙoda, ga ta dama tana fama da ƙarancin ruwa. Maganin mura mai sa barci yana rage gumi. Tramadol yana ɓoye gajiyar da ya kamata ta tsayar da mutum. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ko kwana ba barci, kowanne yana kusantar da mutum ga faɗuwa, kuma ba a "fitar da zazzaɓi da gumi" a kan hanya.

Yaron da filin roba

Ciyawar roba da baƙin garin taya da ake zubawa a cikinta suna shan rana fiye da ciyawar gaske nesa ba kusa ba. Da tsakar rana zafin samanta yana haura digiri 60, har yara su riƙa jin tafin ƙafa na ƙuna ta cikin takalmi. Ko an watsa mata ruwa, cikin ɗan lokaci ta koma yadda take. Ƙarfe biyu shi ne mafi munin lokaci. Na san dalilin: manya sun kama safiya da yamma, kuɗin haya kuma ya fi sauƙi da rana. Duk da haka iyaye su haɗu su nemi a mayar da yaran huɗu da rabi. Kafin a samu, a rage tsawon wasa, a tsaya duk minti 15 zuwa 20 a shiga inuwa a sha ruwa, a yawaita canji, kuma kada koci ya hana ruwa ko ya sa zagayen fili a matsayin horo. FIFA kanta tana tsayar da wasan manya na minti uku a kowane rabi idan zafi ya kai wani mataki, kuma a gasar cin kofin duniya an fara yin haka ne a Brazil a 2014, wasan Holand da Meziko.

Ka nemi sanin nau'in jinin yaron. A Ghana kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haihuwarsu da sikila, masu ɗauke da rabinta kuwa, AS ko AC, sun ninka haka sau da yawa. Mai AS lafiyayye ne, yana iya zama gwanin ƙwallo. Amma idan aka matsa masa da gudu mai tsanani ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa, jininsa na iya lanƙwashewa ya toshe naman jiki. Alamarsa ta bambanta da ɗaurewar sharaɓa: yakan zo tun a mintunan farko na gudun, ƙafafu su mutu, yaro ya sulale ƙasa yana haki, naman kuma a sake yake, bai dunƙule ba. Wannan asibiti ne kai tsaye. Gwajin ba shi da tsada, kai ma ka yi.

Azumi

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, tsakiyar zafinmu, kuma ana kai sa'a 13 da ɗoriya ba ruwa. Sassarfa bayan asuba ta fita daga lissafi, domin gumin da ka zubar ba za ka mayar da shi ba sai magariba. Ko dai tafiya mara sauri ta minti 20 zuwa 30 dab da shan ruwa, a inuwa, kusa da gida, ko kuma babban aikin bayan tarawihi, lokacin da abinci ya faɗa. Ka rage tsawo da ƙarfi zuwa rabi, watan riƙe abin da aka samu ne. Tsakanin buɗa-baki da sahur ka rarraba leda biyar zuwa shida, ka rage ataya mai ƙarfi da sahur. Mai ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide kada ya motsa jiki kafin shan ruwa. Wanda kuma zafi ya galabaitar har yana neman suma, malamai sun yi bayani cewa ceton rai yana gaba, ya sha ya rama.

Idan mutum ya faɗi

Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mutum yana cikin hankalinsa, galabaita ce, kuma ita nake zaton kana kwasowa duk mako. A kai shi inuwa, a kwantar, a ɗaga ƙafafu, a sassauta kaya, a jiƙa shi ana fifita, ya riƙa kurɓar ruwa. Cikin rabin sa'a ya kamata ya warware. Idan bai warware ba, ko yana amai, sai asibiti.

Bugun zafi kuwa hankali yake taɓawa. Mutum ya fara tangaɗi, ya bar hanya, ya yi surutai marasa kan gado, mai haƙuri ya hau zagi da faɗa, ko ya zube. Kada a jira gumi ya ɗauke, domin mai gudu yakan kasance sharkaf da gumi alhali cikinsa ya haura 40. Ma'aunin goshi ko na hammata ma yaudara yake yi a wannan hali. Wanda ya rikice cikin zafi yana tsakar motsa jiki, a ɗauka bugun zafi ne.

A nan mintuna ake ƙirgawa. Idan aka saukar da zafin cikin rabin sa'a, kusan kowa yana tashi. Don haka sanyayawa ce farko, ɗauka ta biyo baya. Mutum ɗaya ya kira 112, sauran su kama aiki. A cire riga da leda da takalmi. A shimfiɗa tamfol ko babbar leda, a kwantar da shi a kai, mutum huɗu zuwa shida su ɗaga gefuna ta zama kamar kwami, a juye galan-galan na ruwa da duk ƙanƙarar da aka samu a firjin masu sayarwa, a farfasa ledojin ruwan sanyi a ciki. Wani ya tallafi kansa da tawul ta ƙarƙashin hammata don fuska ta tsaya a sama, masu riƙe da gefuna suna girgiza ruwan. Minti 15 zuwa 20, ko har hankalinsa ya dawo ya fara rawar sanyi. Idan babu tamfol, a riƙa kwara masa ruwan sanyi daga wuya zuwa ƙafa ba tsayawa, ana fifita da kwali, ana sauya jiƙaƙƙun tawul duk minti biyu, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Jama'a su ja baya iska ta shigo. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko madara, kada a cusa cokali a bakinsa idan yana jijjiga, a juya shi gefe idan zai yi amai. Farasitamol ba ya saukar da irin wannan zafin, hanta kawai zai ƙara wa nauyi. Idan kuwa ba ya numfashi, wannan tsayawar zuciya ce, a fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti.

Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti mafi kusa, na Mamobi ko na sojoji na 37 ko na Ridge, domin illar hanta da ƙoda sai bayan kwana ɗaya ko biyu take bayyana. Ba zai koma atisaye ba sai bayan aƙalla mako guda da izinin likita. Tamfol ɗaya, galan biyu da kula mai ƙanƙara kayan da kowace ƙungiya za ta iya saya ne da kuɗin da bai kai na rigunan anko ba.

Game da kai, Malam, daga nesa ba zan iya tabbatar maka cewa zafi kaɗai ke kawo ciwon kan ba, tunda ban auna jininka ba, ban ga maganinka ba. Ka cire leda, ka matso da lokaci, ka rage sauri, sannan ka rubuta awon jininka da nauyinka kafin fita da bayan dawowa na mako biyu. Idan ciwon kan bai tafi ba, ka kai wa likita takardar, ka nemi a duba ƙoda da suga. Amma ciwon ƙirji, ko numfashin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi, ko suma, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ko mutuwar gefen jiki, ko fitsari mai launin koka-kola bayan gudu, waɗannan ba a jira mako biyu da su, a ranar ake zuwa asibiti.